Jan Tulu

Talata ce, teku na hutu.
Mutanen Ga ba sa jefa taru yau,
sai ni da na sauko daga Nima a torotoro,
akwatin sifana a hannu, jan tulu a kafaɗa,
Mumuni na biye, yana jan bututun tagulla
kamar mai kai akuya kasuwa.

Jirgin Ata Lamte na kwance ƙasan hasumiya mai ja da fari.
Ɗakin injinsa suna ne kawai, rami ne:
sai ka durƙusa, ka shiga da gefe,
warin dizal da tsohon kifi su yi maka maraba.

Na auna tsawo, na auna faɗi, na auna zurfi,
don tulu ba ya cinye wutar da ta fi cikinsa.
Na kafa shi a tsaye, noti huɗu, na ƙara na biyar,
bakinsa na kallon inji, bayansa nesa da salansa.
Na ja igiya zuwa mazaunin matuƙi,
waya ɗaya ga fanka, ɗaya ga famfon mai,
domin ranar da zai buɗe baki
kowa a ramin nan ya yi shiru.
Ɓular da ɓera ya yi, ita ma na toshe ta.

Mumuni ya ce, Maigida, in dare ya raba
kuma kowa na sama yana jan taru, wa zai danna?
Na nuna masa 'yar kwalba a bakin tulun,
ba ta kai ƙwallon dabino ba, jan ruwa a cikinta.
Ita ce mai gadi, na ce.
Ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa sayen shayi.
Zafi ya wuce iyaka, ta fashe, shi ke nan aikinta.

Ata Lamte ya leƙo daga sama, ya tare mana haske.
Hausarsa ta zango ce, ba ta da gishiri amma tana da ƙashi:
Sidi nawa ka ce? A kan abin da ba ya jan taru,
ba ya kama ko kifi ɗaya?

Ban yi ciniki ba. Hannun hagu na ɗaga masa.
Yatsu uku da suka zama ɗaya,
fata mai sheƙi kamar ledar da aka bari kan murhu.
Shekara goma sha ɗaya, a gabar Tema,
na ga hayaƙi na fita ta tsagar murfi,
na yi abin da zuciya ke sa ɗan'adam:
na buɗe in gani.
Ashe numfashi take jira.
A Ankara muke, amma kafin in ankara
ta sha iska ta miƙe tsaye.
Fuseini na ciki.

Tsoho ya daɗe yana duban ruwa.
Sannan ya kunce bakin zanensa, ya ƙirga, bai rage ba.

Da jan fenti na rubuta a kan murfin,
da Turanci, yaronsa ya ƙara da Ga a ƙasa:
in ka ji ta fashe, kada ka buɗe.
Zauna. Ƙirga ɗari tara. Taɓa murfin da bayan hannu.

Allura na kan kore lokacin da muka fito.
Wata shida zan dawo in ɗora shi a sikeli,
in ga ko ya rame a ɓoye.

Maƙeri na son a yaba laujensa,
tela na son ya ga rigarsa a masallacin Idi.
Ni addu'ata daban ce:
Allah ya sa tulun nan ya tsufa bai yi magana ba,
gishiri ya cinye jansa,
a ce Jatau ya ci kuɗin banza.

Mumuni ya ce yunwa yake ji.
Muka haura, muka sayi dokunu da soyayyen kifi,
na riƙe ganyen da hagu, kamar kullum,
ya zame, kamar kullum.